Bindiga ta tashi a hannunka ta kashe ɗan'uwanka: me doka da shari'a suka ce?

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyalai suka fi yi bayan an rasa rai a cikin gida saboda sakaci da bindiga, ko wajen goge ta, ko wajen wasa, ko a dawa lokacin farauta, ko a harbin murna ranar biki. Amsoshin sun dogara ne kan dokar laifuka ta Final Kod da ake aiki da ita a jihohin arewacin Najeriya da Abuja, da kuma fiƙihun Malikiyya wanda shi ne tushen dokokin shari'ar Musulunci a jihohin da suka ƙaddamar da ita.

Ban yi niyyar kashe shi ba. Duk da haka laifi ne?

Eh, zai iya zama laifi. Sashe na 220 na Final Kod ya kawo hanyoyi uku da kisan mutum ke zama laifi: mutum ya yi abu da niyyar kisa ko ta yin raunin da ke iya kisa, ko ya yi abu yana sane cewa zai iya kashewa, ko kuma ya yi abu cikin garaje ko sakaci har rai ya salwanta. Hanya ta ukun ba ta bukatar niyya ko kaɗan. Abin da rashin niyya kan iya yi shi ne ya fitar da kai daga sashe na 221, wanda hukuncinsa kisa ne, ya kai ka ƙaramin sashe na 7 na sashe na 222, wato kisan da ba a yanke wa hukuncin kisa.

Akwai wata kalma da ke rikita mutane a nan. A bakin Bahaushe "ganganci" na nufin abu biyu: yin abu da gangan, da kuma wasa da haɗari. Idan malami ya ce "kisan ganganci" yana nufin kisa da niyya. Idan maƙwabci ya ce "ganganci ya yi da bindiga" yana nufin sakaci. Ka kula da wannan sosai ranar da ake rubuta bayaninka a ofishin 'yan sanda, musamman idan da Hausa kake magana ana juyawa zuwa Turanci, domin kalma ɗaya na iya sauya sashen da za a tuhume ka da shi.

Mene ne hukuncin?

Sashe na 224 ya tanadi ɗaurin rai da rai, ko wa'adin da bai kai haka ba, ko tara, ko ɗauri da tara a haɗe. Ɗaurin rai da rai shi ne iyaka, ba shi ne abin da dole a yanke ba. Alƙali kan duba girman sakacin, da ko bindigar na da lasisi, da abin da mutum ya yi bayan harbin (ya ruga da wanda ya harba asibiti ko ya gudu), da ko ya taɓa aikata laifi, da shekarunsa, da matsayar iyalin mamacin. Wasu jihohi, kamar Kaduna a 2017, sun sake rubuta dokarsu, lambobin sassan sun canja, don haka lauya zai duba ta jihar da abin ya faru. A kudancin Najeriya dokar Kiriminal Kod ce ke aiki, ita ma iyakar hukuncinta kan irin wannan kisa ɗaurin rai da rai ne.

To ina bambancin tsautsayi da sakaci? Ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Ƙaddara gaskiya ce, kuma babu kotun da ke musun cewa kwanan mamacin ne ya ƙare. Tambayar kotu daban ce: me hannunka ya yi kafin ajalin ya sauka? Sashe na 48 ya ba da kariya ga wanda abu ya faru a hannunsa bisa tsautsayi, amma da sharuɗɗa da dole su cika gaba ɗaya. Ya zama ba shi da mugun nufi, aikin da yake yi halas ne a doka, ta hanyar halas, da kayan aiki na halas, sannan ya yi kulawa da taka-tsantsan yadda ya kamata.

Sharaɗin ƙarshen nan ne ke kayar da yawancin masu neman wannan kariya. Wanda ya zauna tsakar gida yana goge bindiga bai duba ko akwai harsashi a ciki ba, bakinta na kallon inda ƙaninsa ke zaune, bai yi taka-tsantsan ba. Wanda ya hangi motsi a cikin ciyawa da magariba ya saki harbi bai tabbatar da abin da yake harbi ba, alhali ya san tare da mutane ya shigo dajin, shi ma haka. Wanda kuma bindigarsa ba ta da lasisi ya riga ya samu matsala tun a sharaɗin "kayan aiki na halas".

Misalin da zai iya shiga ƙarƙashin tsautsayi shi ne mafarauci mai lasisi da ya ga dabbar ƙuru-ƙuru da rana, ya tabbatar ba kowa a bayanta, ya harba, harsashin ya bugi dutse ya karkata ya samu wanda ke can gefe. Ko a nan sai an kawo shaidar inda kowa yake tsaye da yadda raunin ya shiga jiki.

Kowane irin sakaci ne ke kai mutum gidan yari?

A'a. Sakacin da ake ɗaure mutum a kansa ya fi na shari'ar neman diyyar kuɗi nauyi: sai ya zama babba, irin wanda ke nuna rashin damuwa da rayukan mutane. Sai dai gwargwadon haɗarin abin da ke hannunka, gwargwadon kulawar da ake nema daga gare ka, kuma bindiga ba ta da wani aiki sai huda jiki. Shi ya sa abin da za a kira ƙaramin kuskure da fartanya yake zama babban sakaci da bindiga. Saita ta ga mutum ko da wasa, barin yatsa a kan kunama ana tafiya, tsallake rami ko hawa babur da ita a ɗane, miƙa wa wani ita baki a gaba, riƙe ta bayan an sha ƙwaya ko giya, duk waɗannan kotu na ɗaukarsu da nauyi. Maye da mutum ya jawo wa kansa ba uzuri ba ne.

Mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar da abu uku ba tare da wata shakka mai ma'ana ba: cewa mutumin ya mutu, cewa abin da wanda ake tuhuma ya yi ne ya kashe shi, da cewa abin an yi shi cikin garaje ko sakaci. Har sai an tabbatar, kundin tsarin mulki na 1999 a sashe na 36 yana ɗaukar wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi.

Na rantse na cire harsashin. Ta yaya ta tashi?

Wannan ita ce maganar da aka fi ji, kuma galibi mai faɗinta gaskiya yake faɗa gwargwadon saninsa. A bindigogin da ake ɗaura wa gidan harsashi, kamar AK-47 da fistol, cire gidan harsashin ba ya fitar da ƙwaya ɗaya da ta riga ta hau cikin bututu. Idan an taɓa ɗana bindigar, wannan ƙwayar tana nan tana jiran a taɓa kunama. Wasu kuma suna juya tsarin: su ja ƙarfen ɗana bindigar baya su fitar da ƙwayar bututu tun gidan harsashin na ɗaure, sabuwa ta hau, sannan su cire gidan suna ganin sun gama.

Tsarin da ya dace shi ne a juya bakin bindigar zuwa inda ba kowa, a ɗauke yatsa daga kunama, a cire gidan harsashi tukuna, sannan a ja ƙarfen ɗanawar baya sau biyu ko uku, sannan a leƙa cikin bututun da ido, in da duhu a sa yatsa a taɓa. Mai baki ɗaya da mai baki biyu ana karya su ne a zare kwanson, a riƙa tafiya da su a karye har sai an iso wurin harbi.

Adaka da sauran bindigogin ƙirar gida sun fi wuyar sha'ani. Ba ka iya ganin abin da ke cikinsu tunda ta baki ake ɗura albarushi, kuma yawancinsu ba su da makulli. Kunamar da ta sha aiki ta suɗe tana iya sakin kanta idan bindigar ta faɗi ko gindinta ya bugi ƙasa. Albarushin da ya ji damina kan yi jinkirin kamawa: ka ja kunama ka ji shiru, ka sauke bindigar kana dubawa, sai ta tashi a lokacin da bakinta ya riga ya juya. Idan ta ƙi tashi, a bar bakinta inda aka saita aƙalla minti ɗaya cur. Don sanin ko a ɗure take, a yi wa sandar ɗuri alama a daidai inda take tsayawa idan bututun babu komai. In ta tsaya kafin alamar, akwai ɗuri a ciki.

A wurin alƙali, "na ɗauka babu komai a ciki" yana nuna ba ka yi niyya ba, amma kuma yana nuna ba ka duba ba.

Kasancewarsa ɗan'uwana zai rage laifin?

Final Kod ba ta ware wani sashe na sassauci don mamacin ɗanka ne, ko matarka, ko ƙaninka. Rai ɗaya ne. Inda dangantakar ke tasiri shi ne wajen yanke hukunci, domin alƙali na iya la'akari da cewa mutumin ya riga ya ɗauki nauyin da zai bi shi har ƙarshen rayuwarsa, kuma wataƙila shi ne zai ci gaba da riƙe marayun.

Dangantakar na iya juyawa ta zama abin zargi. Masu bincike za su tambayi ko akwai rigimar gado, ko ta gona, ko saɓanin aure, ko wata barazana da aka taɓa furtawa a gaban mutane. Idan aka samu, labarin kuskure sai ya yi rauni.

Iyali sun yafe. Shari'a ta ƙare ke nan?

Ba ta ƙare ba. Laifin kisa ƙara ce tsakanin gwamnati da wanda ake tuhuma, ba ya cikin ƙananan laifukan da mai ƙorafi ke iya janyewa da kansa. Baturen 'yan sanda ba shi da ikon rufe fayil ɗin kisa don dattawa sun zo sun roƙa, kuma duk wanda ya karɓi kuɗi da sunan zai "kashe maganar" ya jefa ku cikin wani laifin. Wanda kundin tsarin mulki ya ba ikon dakatar da shari'ar laifi a jiha shi ne Antoni Janar, a sashe na 211, kuma yana duba maslahar jama'a da adalci kafin ya yi.

Yafiyar tana da amfani idan an bi da ita ta hanya. A rubuta ta, magadan gaskiya su sa hannu, wato iyaye da mata ko miji da 'ya'yan da suka balaga, a yi rantsuwa a kanta a kotu, lauya ya miƙa ta ga ma'aikatar shari'a. Tana taimakawa wajen neman beli, da wajen sasantawa da masu gabatar da ƙara kan ƙaramar tuhuma, wanda dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da takwarorinta na jihohi suka yarda da shi, da kuma wajen roƙon sassauci.

Abin ya faru yanzu. Me za mu yi?

Ran wanda aka harba ne farko. A danne raunin da tsumma mai tsabta, a danne da ƙarfi ba sassautawa, kada a yi ƙoƙarin tono harsashi, kada a ba shi ruwa ko abinci, a tafi asibiti mafi kusa. Dokar tilasta jinyar waɗanda aka harba ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi mai raunin bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba, sannan asibitin ya sanar da 'yan sanda cikin awa biyu. Mutane da yawa sun mutu a ɗaki ana jiran mai maganin gargajiya saboda tsoron a ce an kai maganar ga hukuma.

Bindigar kuma a bar ta inda take idan ba ta da haɗari ga kowa, a hana yara zuwa wurin. Kada a wanke ta, kada a jefa ta rijiya, kada a share jini ko a tsince kwanso. Waɗannan abubuwan da iyali ke ganin suna tona asiri, su ne shaidar da za ta nuna cewa kuskure ne: nisan da harbin ya fito, kusurwar da ya shiga, lalacewar kunama. A kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, a sanar da mai unguwa ko dagaci, wanda abin ya faru a hannunsa ya je da kansa tare da lauya ko wani babba daga dangi.

Za mu iya yi masa sutura nan take kamar yadda addini ya koyar?

Gaggauta jana'iza sunna ce, amma a sanar da 'yan sanda kafin a yi wanka. Za su ga gawar, su ɗauki hoto, likita ya duba ya rubuta abin da ya jawo mutuwar. Sau da yawa ana gama wannan a yini ɗaya a ba da gawa. Idan aka binne a ɓoye maganar ta fito daga baya, kotu na da ikon ba da umarnin tono kabari, kuma waɗanda suka taimaka wajen ɓoyewar na iya fuskantar tuhumar ɓatar da shaida ko kare mai laifi. Ƙirƙirar labari, kamar a ce 'yan bindiga ne suka shigo ko shi ya harbi kansa, ya fi komai ɓata shari'a. Da zarar ƙaryar ta fashe, ba wanda zai ƙara yarda da cewa kuskure ne.

Yaya shari'ar ke tafiya, kuma ana ba da beli?

Ofishin yanki kan miƙa fayil ga sashen binciken manyan laifuka na jiha. Daga nan a kai mutum kotun majistare, wadda ba ta da hurumin sauraren shari'ar kisa, sai dai ta ba da umarnin tsarewa yayin da ake jiran shawarar lauyoyin ma'aikatar shari'a. Su ne za su ce a gurfanar da shi a Babbar Kotu kan sashe kaza, ko a sake shi. Kada hankalin iyali ya tashi idan suka ga sashe na 221 a takardar farko, domin 'yan sanda kan fara da mafi nauyi. Aikin lauya ne ya bi fayil ɗin ya nuna hujjojin da za su mayar da shi 224. Wannan jiran shawarar shi ne inda mutane ke daɗewa a tsare, kuma fayil ɗin da ba mai bibiya ya fi daɗewa.

Belin tuhumar kisa a Babbar Kotu ake nemansa. A ƙarƙashin 221 sai da dalili na musamman, kamar rashin lafiya mai tsanani ko jinkiri marar dalili. A ƙarƙashin 224 ya fi sauƙin samu. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya. Kada ya sa hannu ko ya dangwala a kan bayanin da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi ofishin hukumar ba da agajin lauyoyi ta ƙasa a babban birnin jiharsa.

Me shari'ar Musulunci ta ɗora masa?

Aya ta 92 ta suratun Nisa'i ta ɗora abu biyu kan kisan kuskure: diyya da ake miƙa wa iyalan mamaci sai in sun yafe, da kaffara. Babu ƙisasi. Tun daga Zamfara a shekarar 2000, jihohi 12 na arewa sun dawo da hukunce-hukuncen laifi na shari'a ga Musulmi, kuma dokokinsu sun tanadi diyya kan kisan kuskure, ko da yake a aikace yawancin shari'o'in kisa Babbar Kotu ake kai su.

Diyyar namiji Musulmi raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Dinarin shari'a ana ƙiyasta shi da giram 4.25, ke nan kilo huɗu da kwata na zinariya, shi ya sa adadinta a naira ke tafiya da farashin zinariya. A fiƙihun mazhabobi huɗu diyyar mace rabin ta namiji ce. Ba a kan wanda ya yi kisan kaɗai take ba. Aƙila ce ke biya, wato danginsa maza baligai ta wajen uba, kowa gwargwadon halinsa, shi ma a matsayin ɗaya daga cikinsu, a cikin shekara uku.

Kaffara tasa ce shi kaɗai, kuma yafiyar dangi ba ta sauke ta. Tunda babu bawan da za a 'yanta a yau, abin da ya rage azumin wata biyu ne a jere. In ya fara ranar ɗaya ga watan Musulunci, ya bi ganin wata. In ya fara a tsakiya, ya cika lissafin watan da ya gutsure kwana 30. Shan azumi ba uzuri na mayar da shi farko. Rashin lafiya da haila ba sa yanke jerin, matuƙar an ci gaba da zarar uzurin ya kau. A zaɓi lokacin da Ramadan ko ranar salla ba za su faɗo a tsakiya ba. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa ciyarwa ba ta maye gurbin azumi a wannan kaffarar, tunda ayar ba ta ambace ta ba.

Masu biyan diyyar da masu karɓa duk gida ɗaya ne. Yaya za a yi?

A nan ne aka fi cin haƙƙin raunana, kuma ba da mugun nufi ba. Dattawa kan zauna su ce "mun yafe, duk abu ɗaya ne", alhali ba su ne masu haƙƙin ba. Diyya gado ce, ana raba ta kamar sauran dukiyar mamaci. Matarsa na da sumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, idan yana da 'ya'ya, ko rubu'i idan babu. Mahaifiyarsa na da rabonta. Kowane baligi na da ikon yafe nasa kason kaɗai. Rabon marayun da ba su balaga ba kuwa, waliyyinsu ba shi da ikon yafe shi kyauta, domin dukiyar maraya ba a taɓa ta sai da abin da zai amfane shi. Baffa ba zai yafe a madadin matar mamaci ba, kuma shirun da ta yi cikin takaba saboda kunya ba yafiya ba ce. A tambaye ta ita kaɗai, bayan hankali ya kwanta, a gaban wanda ta amince da shi.

Idan cikakkiyar diyya ta fi ƙarfin dangi, ana iya yin sulhu kan abin da za a iya, gona ko gida ko kuɗi a rarrabe, a rubuta a gaban alƙali.

Zai ci gadon wanda ya kashe?

A Malikiyya, wanda ya yi kisan kuskure yana gadon dukiyar mamacin amma ba ya gadon diyya. Wanda ya yi kisa da gangan ba ya gadon komai. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya sun hana shi gado ko da kuskure ne, amma kotunan shari'a a arewacin Najeriya Malikiyya suke bi.

Misali: uba ya rasu ta hannun ɗansa bisa kuskure, ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu har da wanda abin ya faru a hannunsa, da 'ya mace ɗaya, da dukiyar naira miliyan 4 bayan an biya bashi. Matar ta ɗauki 500,000, kowane namiji 1,400,000, macen 700,000. A diyya kuwa, bayan sumunin matar, ragowar tsakanin ɗaya ɗan da 'yar za a raba, shi kashi biyu ita kashi ɗaya.

Da wasa na saita masa ita.

Dokar ƙasa na kallon wannan a matsayin garaje mafi muni, kuma idan ka san a ɗure take, mai gabatar da ƙara zai iya cewa kana sane da cewa mutuwa ce za ta biyo baya, ya nemi sashe na 221. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizge shi daga hannunsa. A wata ruwayar ya ce mala'iku na la'antar mai yin haka, ko da wanda ya nuna ɗin ɗan'uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Gwajin maganin bindiga fa? Shi ya ce in harbe shi.

Wannan ya fita daga babin kuskure, domin ka saita kuma ka ja kunama da nufin harsashi ya same shi. Abin da ka yi imani da shi game da laya ko rubutu ba ya canja wannan. Final Kod, a ƙaramin sashe na 5 na sashe na 222, ta ce idan mamacin ya haura shekara 18 kuma da yardarsa ya shiga haɗarin, ba a yanke hukuncin kisa, amma ɗaurin da ke sashe na 224 yana nan. Idan yaro ne, yardarsa ba ta da daraja a doka. Wanda ya haɗa maganin ya ce a gwada shi ma ana iya tuhumarsa da ingiza laifin.

Harbin murna a biki ko salla?

Harsashin da aka harba sama yana dawowa, kuma wanda aka harba a karkace yana sauka da gudun da ke kisa. Harbi da hannu ɗaya na sa bakin bindiga ya sauko cikin taro. Ko bindigar da aka ɗura wa albarushi zalla, irin ta 'yan bindigar hawan salla, tana jifa da toshiyar ɗuri da wuta, tana iya kisa a kusa, kuma bututun kan fashe idan ɗuri ya yi yawa. Mai harbin ne ke ɗaukar laifin, amincewar mai biki ba kariya ba ce.

Yaro ne ya ɗauki bindigata ya harbi ɗan'uwansa. Wa za a kama?

Sashe na 50 ya ce yaron da bai kai shekara 7 ba ba ya aikata laifi, wanda ke tsakanin 7 da 12 ma haka, sai in an nuna hankalinsa ya kai ya gane abin da yake yi da sakamakonsa. Wanda bai kai 18 ba ana bi da shi ta tsarin shari'ar yara. Ido zai koma kan babban da ya rataye bindiga a ɗure a bayan ƙofa ko ya tura ta ƙarƙashin katifa. Dokar bindigogi ta ɗora wa mai bindiga alhakin adana ta, kuma ana iya tuhumarsa da sakaci. A fiƙihu, ko da gangan yaro ya yi kisa hukuncin kuskure yake ɗauka, diyya na kan aƙilarsa.

Ajiyar da za ta kare ka ita ce bindiga ba ɗuri, a cikin akwati ko kabad mai kwaɗo, harsashi ko albarushi a wani wurin daban mai nasa kwaɗon, makullan a jikinka.

Bindigar ba ta da lasisi. Hakan zai ƙara matsala?

Sosai, domin tuhuma ce ta biyu mai zaman kanta, wadda za ta iya tsayawa ko da an wanke ka daga kisan. Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su uku: manyan da aka haramta, irin na yaƙi, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke ba da izininsu, na amfanin kai kamar bindigar farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sai masu ɗurin baki irin adaka, waɗanda kwamishinan 'yan sandan jiha ke kula da su. Mallakar ta rukunin farko ba izini na jawo ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Lasisi na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya, lasisin mahaifinka bai halatta maka riƙe tasa ba, kuma katin ƙungiyar 'yan banga ko ta mafarauta ba lasisi ba ne.

Idan ɗan sanda ne ko soja?

Kaki ba ya ba da kariya, horon da aka ba shi ma hujja ce a kansa, tunda ya san yadda ake sauke harsashi. Ɗan sanda kan fuskanci shari'ar ladabtarwa ta cikin gida, in an kore shi a miƙa shi kotu kamar kowa. Soja ana iya gurfanar da shi a kotun soja.

A Nijar fa?

Dokar laifuka ta Nijar, wadda ta samo tsarinta daga ta Faransa, tana hukunta kisa ba da niyya ba idan ya faru ta rashin ƙwarewa, ko garaje, ko rashin mai da hankali, ko sakaci, ko saɓa ƙa'ida. Hukuncin ɗauri ne na ɗan wa'adi da tara, bai kai iyakar na Najeriya ba. Rahoto wurin jandarma ko 'yan sanda ake kai shi, mai gabatar da ƙara na gwamnati ne ke riƙe da shari'ar, iyalan mamaci kuma na iya shiga cikinta su nemi diyya. Mallakar bindiga ba izini can ma laifi ne daban.